Wa Ya Soke Sunan 'Yata Daga Layin Makaranta?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, jikokina ma suna cikin gurup ɗin nan. Shawara nake nema a kan wata magana da ta fi shekara arba'in tana cina.

Ni dattijuwa ce, a Gombe nake, na yi ritaya. Lokacin da kuɗin mai ya shigo aka buɗe ofisoshi ana ta ɗaukar ma'aikata, na samu aikin buga tafireta, Gombe ma ba ta zama jiha ba. 'Yata ta fari tana da shekara biyu da rabi. Akwai wata makarantar renon yara guda ɗaya da kowa ke so, 'yan mishan ke riƙe da ita, sai ka rubuta suna ka bi layi. Na je da ƙafata na cike fom, shugabar ta ce in jira wata uku ko huɗu.

Kafin nan maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya ce a riƙa kai yarinyar unguwar Arawa wurin yayarsa da muke kira Adda, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Da safe in goya ta in kai, da yamma in ɗauko. Mahaifiyata ta ji daɗin haka, dama ba ta son zancen mishan ɗin, kullum tana cewa za a koya wa yarinya waƙar coci.

Tun a wata na biyu na fara ganin abin da ban gane ba. In na zo ɗauka sai Adda ta ce ta yi barci a bar ta ta kwana, ko ta ce hadari ya taso. Kayan yarinya suka riƙa komawa can ɗaya bayan ɗaya, har yarinyar ta fara kiran Adda da Dada, wato uwa. Ni kuma da yake 'yata ta fari ce, kunya ta hana ni magana, na ce ai na ɗan lokaci ne.

Wata bakwai shiru. Ran nan maƙwabciyarmu Maman Chinedu, mai shagon tireda, ta ce an kira ɗanta, alhali ni na raka ta ta rubuta suna bayana. Na tafi makarantar, shugabar ta buɗe littafi ta nuna min sunan 'yata an ja masa layi. Ta ce, "Ai wata mata ta zo ta ce kun fasa, doguwa, fara, mai haƙorin Makka."

Jama'a, Adda doguwa ce fara mai haƙorin Makka. Amma mahaifiyata ma haka take.

Na tambayi maigida, ya ce bai san komai ba, kuma kada in sake ɗora wa yayarsa zargi. Mun yi kwana uku ba ma magana. Abin da ya tsaya min a rai, ko mamaki bai nuna ba. Mahaifiyata kuwa ban iya buɗe baki na tambaye ta ba har ta rasu. Na sake rubuta suna, layin ya yi tsawo, kafin ya zo kaina an riga an zauna a dangi an ba Adda riƙon yarinyar. A ɗakinta ta girma, ita ta aurar da ita. Gaskiya ba ta cutar da ita ba, ta sa ta boko har ta zama malamar asibiti. Amma har gobe in 'yata tana da damuwa Adda take fara kira, ni kuma Anti take ce min kamar yadda ta ji ana faɗa.

Yanzu Adda ta tsufa sosai, tana kwance a garin Kwadon, a gidan 'yar tawa, ko tashi ba ta iyawa. Satin da ya wuce ta aiko min cewa in zo mu yafe wa juna, wai akwai maganar da ba ta so ta tafi da ita. Tun ranar na kasa cin abincin kirki. In ta ce ita ce, ban san ko zan iya yafewa da zuciya ɗaya ba, kuma ba na so in yi ƙarya a gaban mara lafiya. In ta ce ita da maigidana suka shirya, mutumin da nake yi wa addu'a bayan kowace salla ne. In kuma ta rantse ba ita ba ce, to mahaifiyata ce ke nan. 'Yata ba ta san komai ba, a tunaninta ni na bayar da ita don aiki ya fi min ita.

Don Allah ku ba ni shawara. In je in saurare ta, ko in aika mata cewa na yafe ba sai ta faɗi komai ba? In kuma na je, in bar 'yata ta zauna ta ji, ko in ce ta fita? Likita ya ce kada mu ja lokaci.