Muryar Inna da ban kwafa ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, Allah Ya saka muku da alheri. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Babu zagin da za a yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Ni ba yaro ba ne, furfura ta kama gemuna, ina koyar da Arabiyya a wata firamare a ƙasar Yauri. Na saba a zo wurina neman shawara. Yau ga ni ina nema wurin mutanen da ban sani ba, saboda waɗanda na sani ba na iya haɗa ido da su.

Mahaifiyata, Inna, 'yar Gungawa ce. A wani gungu aka haife ta, tsakiyar kogin Kwara. Tana budurwa aka datse ruwa a Kainji, gungun ya nutse, aka kwashe mutanensa zuwa tudu ta wajen Ngaski. Daga can ta auri mahaifinmu, malami ne a Yelwa, Allah Ya jiƙansa. Mun tashi ba mu taɓa jin Inna ta yi zancen garinsu ba. In muka shiga jirgin ruwa za mu ziyara, sai ta ja mayafi ta rufe fuska har mu sauka, mu kuma muna yara muna tsammanin tsoron ruwa take.

Ƙanwata, zan kira ta Hajara ko da yake ba sunanta ba ne, ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Ita ta sayi sabuwar laftof ta aiko mini. Ta ce, “Yaya, kai ke kusa da ita, kuma kai ne mai haƙurin zama. Ka ɗauki muryar Inna tun tana iyawa. 'Ya'yana ko kalma ɗaya ta Gunganci ba su sani ba.” Na ce in sha Allahu. Ta ce, “Ba in sha Allahun malamai ba fa.” Muka yi dariya.

Na kai na'urar wurin wani mai shagon kwamfuta a Yelwa ya daidaita mini ita. Dattijo ne mai barkwanci, kuma wallahi bai rage ni da komai ba. Ya zaunar da ni, ya ɗauko faya-fayai sababbi, ya riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya na'urar tana rubutu a kansu. Da ya gama ya ajiye su gefe, ya ɗora filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, a ɗaya gefen. Ya ce, “Malam, abu biyu na, kada ka gama su. Waɗanga faya-fayai, ranar da na'ura ta rikice, su ka maishe ta yadda ta hito cikin kwali, wayam, ba kome cikinta. Wagga filas kuwa ita ta rumbunka. Duk ranar da ka yi aiki ka zuba kwafi ciki kahin ka ruhe. Ka ji, ko sai na rubuta ma a allo?” Na ce na ji. Na karɓi alƙalaminsa na rubuta wa kowane faifai lambarsa da ajami, na naɗe su cikin ƙyalle, na sa cikin gafakar littattafan Baba. Filas ɗin ma nan na sa ta.

A nan zan faɗi abin da ya hana ni, ba don in wanke kaina ba, sai don a san yadda mutum ke ɓata da hannunsa yana ganin daidai yake yi. A gaban Baba na koyi rubutu, kuma sana'arsa kwafar littattafai ce da hannu. Dokarsa guda ce: ba a kwafar littafin da ba a gama ba, kuma ba a fitar da kwafi sai an yi masa muƙabala, wato wani ya riƙe asali yana karantawa, kai kana bin naka baƙi bayan baƙi. Ina saurayi na taɓa kwafar wata ƙasida na ba abokina kafin Baba ya duba, ashe na tsallake baiti. Baba ya sa na taka har ƙauyensu na karɓo. Bai doke ni ba. Cewa ya yi, “Shi ma wani zai kwafa daga hannunsa, wancan ma haka. Wa zai bi su ya gyara?” Wannan ya zauna mini a ƙashi. A wurina kwafi shi ne aikin ƙarshe, bayan an tsabtace, an rubuta tammat. To da na ji mai shago yana cewa in kwafa kullum, sai na ce a raina wannan ai aikin gaggawa ne na mutanen zamani. In kwafi tari da kukan zakara da wuraren da Inna ta yi tuntuɓen harshe? Bari in gama, in gyara, in kunna mata ta tabbatar da kowane suna, sannan in fitar da kwafi mai kyau.

Shawo kan Inna ya ɗauki lokaci. Farkon da na yi mata maganar cewa ta yi, “Mi za ku yi da zancen garin da kihi ka kwana ciki?” Na bar ta. Ran nan bayan la'asar tana tsince shinkafa a tsakar gida, ba tare da ta dube ni ba ta ce, “To ɗauko akwatin naka.” Laftof ɗin take nufi. Daga ranar muka riƙa zama, wani lokaci kullum, wani lokaci sai ta yi mako ba ta ce uffan ba. Ta lissafa gidajen gungun tun daga mashigar jirage har bakin gonakin albasa, gidan wane na bin gidan wane. Ta faɗi inda kaburbura suke, da itacen da ke kansu. Ta rera waƙar niƙan da mahaifiyarta ke yi, da Gunganci, wanda ni rabi-rabi nake ji. Ta faɗi ranar tashi, yadda aka loda tukwane da awaki a jirage, da yadda aka bar ƙaninta da bai daɗe da rasuwa ba, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba. Ranar ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba, ko a rasuwar Baba. Na kai hannu zan kashe na'urar, ta ce, “Bar shi shi ji.”

Akwai kuma wani abu da ya shafe ni ni kaɗai. Ni ne ɗanta na fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarami “kai” nake, da na girma na zama “Malam”. Amma ranar da ta kai labarin haihuwata, tana cikin magana sunan ya fita daga bakinta, sau ɗaya, ba ta ma lura ba. Na sunkuyar da kai. Daga baya na maimaita wurin nan ni kaɗai har ban san iyaka ba. Kun ga ina da lokacin saurare, lokacin kwafa ne ba ni da shi.

Da ta gama ta ce, “Na sauke. Kada wani shi sake tambaya ta.” Kuma wallahi ta sauke ɗin. Barcinta ya gyaru, ta koma cin abinci da kyau. In maƙwabta suka shigo sai ta ce musu, “Garinmu na nan cikin akwatin Malam, ruwa ba ya kai mai.”

Ni kuwa gyara ya ƙi ƙarewa. Yau jarrabawar yara, gobe ta'aziyya a Shanga, jibi babu wuta. Mun haɗu da mai shagon a masallacin Juma'a, ya riƙe hannuna ya ce, “Malam, ana zuba wa rumbu?” Na ce ana zubawa. Hajara ta tambaye ni a waya, “Yaya, ka yi kwafi ko?” Na ce na yi. Na lallashi zuciyata da cewa ai faya-fayan nan ma kwafi ne. Mutumin da ke tsayawa gaban yara yana karanta musu alamomin munafuki, shi ne ya yi wannan. Me ya fi haka ban kunya?

Wata safiya na kunna na'urar ta ƙi hawa. Sai ta fara, ta tsaya, ta nuna wani rubutu, ta sake farawa. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, shagon bai fi tafiyar babur ba. Amma na san tambayar farko da zai yi mini: ina filas? Sai in ce me, bayan na ce masa ana zubawa, a ƙofar masallaci? Sai na buɗe gafaka na ɗauko faya-fayan. Na yi bisimilla na sa na farko. Ta yi mini tambayoyi da Turanci, ta kuma yi gargaɗi, kuma ba zan ce ban gane ba, na gane isasshe. Maganar mai shago ma ta dawo mini, wayam, ba kome cikinta. Amma na ce wa kaina wataƙila abin da ya lalace kawai za ta share. Na danna. Na yi ta canza faifai ina jan carbi. Da ta gama ta hau lafiya lau, tana sheƙi, tana tambayata sunan da zan sa mata, kamar ba mu taɓa haɗuwa ba.

Na duba ko'ina. Babu gungu, babu waƙa, babu sunana.

A ƙarshe dai shagon da na guje wa shi na je. Na faɗa masa gaskiya duka. Bai yi barkwanci ba ranar. Ya cire tabarau ya ce, “Malam, da ka kawo ta kahin ka sa faifai, da na ciro ma muryar tsohuwa tsaf. Ciwon bai kai can ba.” Ya riƙe ta kwanaki yana gwada dabarunsa. Abin da ya samo guntu ne da bai kai numfashi biyu ba: zakara ya yi cara, Inna ta yi gyaran murya ta ce, “To, ka kunna?” Shi ke nan. Wannan guntun yanzu yana cikin filas, yana cikin wayata, yana wurin mai shago. Na iya kwafi, bayan babu abin kwafa.

Na zauna da alƙalami in rubuta abin da na tuna. Ni da aka sani da rubutu, duk zaman nan ko layi ɗaya ban sa a takarda ba, na dogara da akwati. Gidaje kaɗan na iya jerawa, su ma ban tabbata wane ke bin wane ba. Waƙar kuwa amonta kawai ya rage mini. Na nemi tsofaffin gungun ta wajen Ngaski, na tarar saura ƙalilan, kuma wadda na samu yarinya ce ƙarama lokacin tashi, jirgin kawai ta tuna. Na gwada jan Inna da hira da dabara, na ce, “Inna, gidan da ke bayan na kakanmu, na wa ne ma?” Ta ce, “Ba na hwaɗa ma ba? Tambayi akwatinka, shi ba ya mantuwa.”

Yanzu jikinta ya sauya. Hawan jini ya kayar da ita kwanakin baya, ta tashi, amma harshenta na yin nauyi wasu ranaku, sunaye kuma sun fara cakuɗe mata. Hajara ta ja mini kunne, ta ce kada a bari komai ya tayar mata da hankali. Kuma ƙarshen watan nan za ta zo da yaranta, ta ce in ajiye mata nata kwafin a filas, har ta yi wa yaran alkawarin za su ji kakarsu tana waƙa.

Na gaji, jama'a. Na gaji da zama kusa da Inna ina murmushi. Na yi istigfari, na san Allah Mai gafara ne, amma wannan haƙƙin mutane ne, kuma mai haƙƙin tana ɗaki kusa da nawa. In na faɗa mata, na karɓe natsuwar da ta samu bayan shekaru masu yawa, na ce mata garin ya sake nutsewa, wannan karon a hannun ɗanta. Jikinta zai ɗauka? In kuma ta yarda ta sake faɗa, ina da ikon sa ta sake binne ƙaninta? In na yi shiru, kowace rana wani suna na fita daga kanta, ranar da zan yi ƙarfin halin magana wataƙila babu sauran abin ɗauka. Ko Hajara zan fara gaya wa, ita da ta amince mini ta kuma tambaye ni na ce na yi?

Jiya da hantsi na shiga gaishe ta. Na tarar tana motsa baki a hankali, tana buga yatsa a gwiwa. Ta ce, “Malam, waƙar niƙan nan ta innata, na kama farkonta, tsakiyar ta ɓace min. Kunna min akwatin in ji yadda na yi ta.” Na ce babu caji, Inna. Ƙarya ta uku ke nan, ita kuma a gabanta na yi ta. Ta ce, “To, ba kome. In an kawo wuta.”

An kawo wuta ɗazu. Ƙwan ɗakinta ya kama, na san ta gani, kuma na ji ta aika a duba ko ina gida.

Don girman Allah, me zan yi?