Jinin Mamuda

Yelwa, Jihar Sakkwato,
14 ga Oktoba, 1985.

Zuwa ga ƙanena Usman,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Dudu da yara, da aikin masaƙa can Kaduna. Allah ya ƙara rufa asiri, amin. Mu nan ruwa ya cika, shinkafa ta yi kyau, ƙafar Inna ma da sauƙi. Sai dai hankalinmu a tashe yake, kuma na san halinka na cusa takarda ƙarƙashin matashi sai ka ga dama. Wannan kam kada ka ajiye ta.

Ƙanenmu Mamuda ne ba lafiya, yana kwance a asibiti nan Yelwa. Tun kafin damina yake kukan gajiya. Mutumin da ka sani da jan tarun kamun kifi, ya koma in ya tuƙa jirgi daga tungarmu zuwa Ngaski sai ya zauna yana haki. Abokansa suka yi ta tsokanarsa, wai tuwon matarsa Binta ne ya kashe masa jiki. Inna ta ce mataccen jini ne ya taru masa, ta kira Ɗanladi wanzami ya yi masa ƙaho. Ka san mu, kowace kasala maganinta ƙaho. Da bai ji sauƙi ba aka sake, aka kuma sakewa. Kowane karo Ɗanladi yana nuna mata baƙin jinin, ita kuma tana murna wai ciwo yana fita. Ranar kasuwar Yelwa ya yanke jiki ya faɗi a bakin ruwa da kwandon kifi a kansa.

Likita ya ja fatar idonsa ƙasa ya nuna mini, fari fat kamar takardar nan. Ya tambaye shi ko yana ganin jini a fitsari. Mamuda ya ce tun yana yaro, ai duk ɗan da ya tashi cikin ruwa haka yake, har ana cewa alamar girma ce. Likita ya ce tsargiya ce, a ruwa ake ɗaukarta, ga kuma tsutsar ciki, su biyun sun daɗe suna rage masa jini. Da ya ɗaga rigarsa ya ga sawun ƙaho a jere a bayansa, sai na rasa inda zan sa fuskata. Ashe ɗan abin da ya rage masa ne ake zubarwa bayan ɗaki.

An ba shi maganin tsargiyar, amma likita ya ce zuciyarsa ta gaji, sai an ƙara masa jini, kuma kada a ja lokaci. Ni an hana ni saboda juna biyu, Binta tana goyo. An gwada na maigidana Magaji, bai dace ba. Mutanen tunga kuwa, kowa ya ji zancen allura sai ya tuna ya bar komarsa ta kifi a ruwa. Na ji haushinsu, ko da yake rabinsu idonsu fari ne irin nasa. Kai ne ka bar ruwa da wuri, kuma uwa ɗaya uba ɗaya kuke, muna sa rai naka zai dace. Tsoro nake ji, Usman.

Jiya Inna ta shiga wurin likita ba wanda ya kira ta. Ta yaye mayafi ta miƙa masa hannu, ta ce ita ta sa aka fid da jinin, a ɗebi nata duka a mayar wa ɗanta. Ya ce ta tsufa, ba zai iya ba. Tun daga nan ba ta sa komai a baki ba, tana zaune ƙofar asibiti tana duban kowace mota da ta fito daga Kwantagora, ko kana ciki.

Ka gaida Dudu da Zaidu da 'yar lelena Mariyamu. Magaji da Binta suna gaishe ka. Mamuda ya ce in rubuta maka kada ka wahal da kanka. Ga shi na rubuta, amma kada ka ji tasa. Kada ka tsaya sayen tsaraba, ka zo da jikinka kawai.

Ni ce yayarka,
Barira.