Miyar Gwangwanin Baba

Daren Laraba, Goronyo.

Na gaji ƙwarai, amma sai na rubuta wanga. Tun da anka sallamo Baba daga asibiti ba ya cin abin kirki, ya rame har rigunanai sun yi mai yawa. Yaya Sani ya aiko da miyar gwangwani daga Sakkwato, ta kaza da masara, wadda ake ɗumamawa kawai a sha. Baba ya sha jiya, ya yaba. Ni dai hankalina bai kwanta ba, da safe na kai wa malamar asibiti guda ta duba.

Ta karanta rubutun da ke jiki, ta ce, "Akwai ɗan abin gina jiki, amma gishirin ya yi yawa ga mai hawan jini. Ki dafa mai taki."

Na sa anka yanka zakarana, na gurza ɗanyar masara, na zuba albasa da madara, gishiri ɗan kaɗan.

Baba ya kurɓa, ya ture kwanon. "Mi kinka dafa haka, Hadiza? Lami salam! Ina ta Sani?"

"Baba, waccan tana tada maka jini. Ka daure don Allah."

Ya harare ni, amma ya sha rabi. Sai da na shiga ɗaki na share hawaye.

Gobe in Allah ya kai mu zan ƙara citta da tafarnuwa. Ko zai yi wata guda yana fushi da ni, miyar gwangwani ba ta sake shiga bakinai.