Keken Ɗinkin da Aka Ce In Fitar Daga Gidana

Daga: Orrin Beal,
Gida na 14, Titin Bakin Gaɓa,
Pellow Cove, Jihar Maine.

Litinin, 7 ga Oktoba, 2019.

Zuwa ga: Malama Thelma Crowley,
Shugabar Kwamitin Sauraron Ƙorafi kan Dokokin Gidaje,
Ofishin Gari, Pellow Cove.

Game da: Umarnin fitar da keken ɗinkina kafin 21 ga Oktoba, da dalilin da ya sa ba zan fitar ba.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kujerarki, ni Orrin Beal, ɗan shekara hamsin da takwas, haifaffen garin nan, ina kawo ƙarar sufeton gidaje, Malam Dwight Pinkham. Karatuna bai wuce aji takwas ba, sauran abin da na sani hannuna ne ya koya mini, don haka a yi haƙuri da rashin ado a rubutuna.

1. Ranar Talata, 24 ga Satumba, da ƙarfe goma na safe, Malam Pinkham ya shigo ɗakin bayan gidana ya tarar ina ɗinka rigar tamfol ta rufe jirgin ruwana. Bai tambayi abin da nake ɗinkawa ba. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ga injin lantarkin da ke juya keken da kaskon mai, ya gwada ɗaga kan keken ya kasa, sai ya rubuta a takardarsa cewa injin masana'anta ne, kuma doka ta hana irinsa a unguwar zama. Wato da nauyi ya yanke hukunci. In haka ne, murhun ƙarfen da ke ɗakin girkina ma masana'anta ne.

2. Ya ce in je in zaɓi keken gida kamar kowa, har ya bar mini takardar talla ta wani keken roba mai salon ɗinki ɗari biyu, mai zana fure da sunan jariri. Ya ƙara da cewa na matarsa yana ɗinke wandon jins ba gardama. Ranki ya daɗe, ban raina wandon Malam Pinkham ba, amma wando ninki biyu ne. Kusurwar rigar jirgi ninki takwas ce: yadin kansa, da ƙari biyu na ƙarfafawa, da kalmasa, da ɗamarar da igiya ke ja. Duk mai ɗinkin tamfol a gaɓar nan ya san ba a zaɓen keke da takardar talla. Kusurwa ake ninkewa a sa a aljihu, a je shago a tura ta ƙarƙashin allura. Keken da ya haye ta bai tsallake ɗinki ba, shi ne keke.

Na san wannan ne ta hanya mai ciwo. A kakar 2014, shekarar da matata Verna ta rasu, na ɗauki kekenta na gida, wanda ta ɗinka labulayen gidan nan da shi, na tura masa kusurwa. Allura uku na karya, a ta huɗu wani abu ya ƙwace a cikinsa, bai sake juyawa ba. Yana nan a rufe a kan kabad ɗinta. Bayan haka na yi wata biyar ina yawo da kusurwa a aljihu, na gwada keke goma sha ɗaya, kafin na sami wannan a hannun wani tsohon mai ɗinkin kujerun mota. Ƙafarsa mai danne yadi tana tafiya tare da haƙoran da ke ƙarƙashin yadin, suna jan yadi sama da ƙasa lokaci guda, ninki ba ya zamewa. Salon ɗinkinsa ɗaya ne tak, miƙaƙƙe, kuma ya ishe ni.

3. Da na bayyana masa haka, sai ya yi dariya ya ce, Orrin, ka naɗe jirgin da leda mana ka huta, ai zamani ya wuce tamfol. Wannan magana ta fi umarnin ɓata mini rai, domin daga bakin mutumin da ya girma a bakin ruwa ta fito. Jirgina na katako ne. Mahaifina ya sassaƙa shi a 1968. Leda ba ta numfashi. Katako ya kwana wata shida na hunturu a cikinta yana gumi, bazara ta zo ka sa yatsa ya nutse. Jiragen roba na baƙin da ke zuwa hutu su ne ke jure leda, kuma kowane watan Mayu muna ganin tulinta a juji kamar tsauni. Mutum ya sayi abu don ya yar bayan wata shida, a kira shi mai bin doka. Wanda ya zauna ya ɗinka abin da zai shekara goma sha biyar, a aiko masa da takarda. Ban yarda wannan tsari ne na gari ba, ko an buga masa hatimi.

4. An ce ƙara ce ta dami maƙwabta. Gidan da ke kusa da ni babu kowa tun farkon Satumba, an rufe tagoginsa da katako. Injin yankan ciyawar da ake turo wa gidan duk Alhamis ya fi kekena ƙara sau goma.

5. An ce sana'a nake yi a gida. Ban taɓa sayar da ɗinki ba. Rumfar tamfol da ke ƙofar ofishinku, wadda kika bi ta ƙarƙashinta yau da safe, wannan keken ne ya ɗinka ta kyauta a 2016, bayan guguwa ta yage tsohuwar. A lokacin ba wanda ya leƙa ƙarƙashin teburina.

Ranar Asabar, 2 ga Nuwamba, za a fitar da jiragen garin nan daga ruwa. Tsohuwar rigar jirgina ta mutu, sabuwar kuma saura kusurwa shida da dogon ɗinkin tsakiya. In aka ɗauke keken ranar 21, dusar ƙanƙara za ta sami jirgin mahaifina tsirara.

Saboda haka ina roƙon kwamiti, cikin ladabi, ya soke umarnin 24 ga Satumba, ya kuma rubuta a fili cewa ana auna keke da aikin da ake yi da shi, ba da nauyinsa ba.

A cikin ambulan nan akwai kusurwa ɗaya, ninki takwas, na riƙe ta da fil. A miƙa wa Malam Pinkham. Ya zaɓi duk keken gidan da ya ga dama, ya ɗinke ta a gaban kwamiti, layi biyu, ba tsallake. In ya yi, ni da kaina zan ɗora kekena a amalanke in kai juji kafin rana ta faɗi. In bai yi ba, keken yana nan inda yake, kuma duk wanda aka turo ranar 21 zai same ni a kansa ina ɗinki. Ƙofa a buɗe take, ya goge ƙafarsa kafin ya taka mini yadi.

Allah ya ƙara wa kujerarki adalci. Na gode da lokacin da aka ba takardata.

Naki cikin girmamawa,

Orrin Beal