Kwasar Kaka Pil-nyo

Sydney, 4 ga Mayu, 1988

Yayata Jom-rye,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya gwiwar taki? Ni da ɗana Tae-ho lafiya lau, har ya fi ni tsawo.

Yaya, nemi wuri ki zauna! Mai shagon wanki da guga da nake wa aiki zai sayar da shagon, kuma ni yake so in saya, amma wa'adinsa ƙarshen wata. Na je banki, suka kalle ni sama da ƙasa suka ce ba su san ni ba.

Adashinmu na matan coci kuwa, mu ashirin ne, ni ce ta sha tara, kin san sabuwar shiga a baya ake sa ta. Saura wata goma sha shida! Kwasar wannan watan, ta uku, ta Kaka Pil-nyo ce, mai shekara tamanin da ɗaya. Kuɗin jirgi take tarawa, ta koma ƙasarmu ta mutu a binne ta kusa da mijinta. Wa zai buɗe baki ya roƙe ta?

Ƙanwarki,
Mal-suk

29 ga Mayu

Yayata,

Ina gaisuwa, a gaida Inna. Yaya, shago ya zama nawa!

Jiya a wurin cin abincin adashi, uwar adashi ta miƙa wa Kaka ambulan, sai ta turo shi gabana da tsinken cin abincinta. Ta ce, "Maman Tae-ho, karɓi uku, ba ni sha tara."

Na ce, "Kaka, tafiyar fa?"

Ta ce, "Ke, rufe mini baki! Tsohon nan shekara talatin yana kwance yana jira, wata goma sha shida ba za su kashe shi ba."

Mata suka kwashe da dariya, ni kuwa kuka wiwi. Uwar adashi ta ce to mai kwasa ke biyan abinci, in share hawaye in biya. Ban taɓa biyan kuɗi da daɗin rai haka ba.

Da muka fito Kaka ta riƙe hannuna, a hankali ta ce in rai bai kai ta lokacin ba, ni zan kai gawarta gida.

Yaya, don Allah ki aiko mini da saiwar jinsen, ta ƙarin ƙarfin jiki, mafi kyau a kasuwar Mokpo, ko nawa ce. Kullum da safe ni ke kai mata miya. Da ƙafarta nake so ta hau jirgin nan.

Taki har kullum,
Mal-suk