Wanda Ya Buɗe Shi Zai Rufe

Asabar, 8 ga Satumba, 2018

Na dawo daga shagon Vestal. Kamar kowace Asabar, mu tsofaffin nan a bayan buhunan abincin kaji, ga kofi mai ɗaci kamar an dafa tsohon takalmi, kowa da wuƙar aljihunsa mai buɗewa da rufewa a kan tebur. Vestal ya ce wuƙar bana za ta iso kafin a buɗe farautar barewa. Ya nuna mana hotonta. Mariƙin ƙashi ne, an dasa harsashin tagulla a jiki, a ruwan wuƙar kuma an zana irin doguwar bindigar da babana ke ratayewa a saman ƙofa. Da izinin kamfanin bindigar aka yi ta, hatiminsu na kan kwali, ba irin jabun da ake bazawa a kasuwar gwanjo ba. Na sa sunana cikin masu saye. Tun 1982 ban tsallake shekara ba.

Delmer ya ce, "Hobert, wuƙaƙen nan naka ko tuffa ba su taɓa yankawa ba. Ranar da ka mutu matarka Oleta za ta fere dankali da su." Na ce masa mai tara jabu ba ya sa baki a maganar manya. Delmer Caudill ke nan. Tare muka shiga ramin kwal muna samari, tun lokacin bakinsa bai taɓa mutuwa ba.

Hannuna na dama ya sake yin rawar nan. Na cusa shi a aljihu, na sha kofi da hagu.

Talata, 18 ga Satumba

Oleta ta kai ni a mota wurin likita a garin Hazard. Likitar yarinya ce sa'ar 'yarmu, amma ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ciwon karkarwa ne. Ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi da magani.

A mota na ce wa Oleta kada kowa ya ji. Da muka iso gida ta dafa wake da burodin masara, ta ba ni babban cokali maimakon ƙaramin, ta juya baya tana goge abin da ba ya buƙatar gogewa har na gama ci. Allah ya saka wa matar nan. Ban san abin da na yi na same ta ba.

Alhamis, 20 ga Satumba

Na buɗe akwatin gilashi don in shafa wa wuƙaƙen mai. Na ɗauko ta 1994, mai hoton bindiga baki biyu. Sifirinta, wato ƙarfen da ke fizgar kaifin ya rufe, da ƙarfi, kuma ta nan ake gane wuƙar kirki: in ta rufe sai ka ji ƙas. Buɗewa ban sha wahala ba, na dafe ta a cinya na ja da farcen hagu. Rufewa ce matsala. Sai an riƙe ta cak da hannu ɗaya, a danna bayan kaifin da ɗayan, ni kuwa yatsun dama sai rawa suke a daidai inda kaifin zai faɗa. Na yanke. Jini a kan wuƙar da ko zanen yatsa ban taɓa bari a kanta ba.

Oleta ta miƙa hannu za ta rufe. Na daka mata tsawa, abin da ban saba ba. Ta sani sarai, ta manta ne don ta ga jini. Wanda ya buɗe wuƙa shi zai rufe ta. In wani ya rufe maka, ya yanke zumuncin da ke tsakaninku. Haka babana ya koya mini, haka kowa a duwatsun nan ya tashi ya tarar. Fastonmu ya ce camfi ne, amma shi ma na ga yadda yake mayar wa mutum wuƙa a buɗe.

Daga ƙarshe na danna ta a bakin tebur. Ta rufe, da ƙarzuwa a bayanta. Na ba Oleta haƙuri.

Abin da ke cina a rai shi ne, duk shekara in sabuwa ta iso, ni nake fara buɗewa, don na riga kowa fara tarawa. Ta zaga tebur a buɗe, kowa ya duba, ta dawo hannuna in rufe. A gaban kowa.

Asabar, 29 ga Satumba

Ban je ba. Na ce mura ce ta hana ni zuwa shagon Vestal.

Asabar, 6 ga Oktoba

Ban je ba. Na zauna a baranda ina kallon itatuwa suna sauya launi. Asabar ashe doguwa ce.

Laraba, 10 ga Oktoba

Delmer ya zo da tsohuwar akori-kurarsa, da kwalbar zuma daga amyarsa. Na zauna a kan hannuna.

"Wace irin mura ce wannan? Ko Oleta ce ta ɗaure ka a ƙafar gado?"

Na ce in ya zo dubiya ne ya duba ya tafi. Sai ya ɗauki gatarina ya faskare itacen da ke jibge tun watan jiya, wai likitansa ya ce ya riƙa motsa jiki. Delmer da bai taɓa jin maganar likita ba! Ya jera su tsaf a jikin bango, ya ci biskit ɗin Oleta har da neman ƙari, ya tafi.

Oleta ta ce, "Hobert, abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa." Na ce ai ba wanda ya mutu. Amma na ji daɗin itacen, ba zan yi wa takarda ƙarya ba.

Lahadi, 21 ga Oktoba

Maganin yana taimakawa da safe. Da rana kuwa sai a hankali. Rubutuna ya koma kamar tafiyar kaza.

Alhamis, 1 ga Nuwamba

Vestal ya bugo waya. Wuƙar ta iso. Ya ce ba mai taɓa kwalin sai na zo, kuma Delmer ya ce ko a makara ne a kawo ni.

Na so in ce ya ba wani ya kawo mini gida. In na yi haka kuwa na bar teburin ke nan, na sani. In na je kuma, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ba mutuwa nake tsoro ba. Tsoron da nake ji shi ne su daina zagina, su fara yi mini magana a hankali kamar yadda ake yi wa mara lafiya.

Asabar, 3 ga Nuwamba

Na je.

Oleta ta sauke ni a ƙofar shago ta ce za ta sayo zare, alhali shagon zare ba ya buɗewa sai rana ta yi.

Kwalin na tsakiyar tebur. Na ciro ta. Ta fi hoton kyau, ƙashin launin zuma, bindigar an zana ta har da kunamarta. Na dafe a cinya na buɗe. Ta zaga. Vestal ya ɗaga ta wajen haske, wani ya ce ta bara ta fi, aka taso masa. Ni dai ina zaune ina addu'a kada ta dawo.

Ta dawo. Na karɓa da dama, don ba yadda zan yi. Hannun ya tashi da rawa irin wadda bai taɓa yi ba, wuƙar tana kaɗawa a gaban mutane kamar ganye. Na kai hagu zan danna, na kasa. Na sake, na kasa. Ba mai ikon karɓa, kowa ya san doka. Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage.

Sai Delmer ya ja kujerarsa kusa. Bai taɓa wuƙar ba. Ya ɗora ƙaton hannunsa a kan na damana ya matse, har rawar ta tsaya. Ya janye mini yatsu daga hanyar kaifi da babban yatsansa. Ya ce, "To tsoho, rufe abarka mu sha kofi, ni dai jingina na yi."

Na danna da hagu. Ƙas.

Vestal ya ce, "Kun ji sifiri." Aka koma musun ta bara da ta bana. Delmer ya ce hannuna sanyi kamar na kwaɗo, na ce nasa warin taba. Wani ya ce tsufa ya kama Hobert, aka yi dariya, ni ma na yi. Sai da na shiga bayan gida na daɗe kafin in fito.

Lahadi, 4 ga Nuwamba

Bayan coci na tambayi Oleta ko ita ta faɗa musu. Ta ce, "Mutumin da ya yi shekara saba'in yana shan kofi da dama ya koma hagu tun bazara? Makafi ka ɗauke su?" Ashe kowa ya sani. Ashe ni kaɗai nake gadin sirrin.

Na gode wa Allah da Delmer. Ba zan faɗa masa ba, kansa ya isa girma haka.

Asabar, 17 ga Nuwamba

Delmer ya tafi farautar barewa da surukinsa, ya sanar da ni tun Laraba. Na yi niyyar zama gida. Ban san yadda aka yi na tsinci kaina a mota ba, da ta 1994 a aljihu. Wai don in nuna wa Vestal ƙarzuwar ne, ko za ta gogu.

Ya ce ba za ta gogu ba. Ta zaga, ta dawo. Na ɗora hannun a kan tebur yana abinsa, na ce, "To, wa zai jingina?"

Vestal ne ya riga su. Hannunsa duk garin masara, sai da na sake goge wuƙar da na dawo gida.