Ni Na Rufe Kwatar, Mama Dinah Ta Sha Laifin

Anti Joyce, don Allah ki taimake ni. Yau Talata, 14 ga Mayu, 2024, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ina zaune ni kaɗai a ɗakina a Zuru, taga a rufe saboda wari.

Bara na gama jami'a, ina jiran kiran bautar ƙasa. Iyayena suna Ribah, ni ina ɗakin haya. Kwatar da ta bi ta ƙofar gidanmu tsawonta mita goma sha tara ne, gida biyar ke zuba mata ruwa. A watan Fabrairu na buga murafen siminti na rufe ta, na liƙe bakinsu, ban shawarci kowa ba. Warin ya lafa kwana tara, ya dawo ya fi na da.

Sai na shiga rubuta abin da kowa ke zubawa da lokacin da ya zuba. Mama Dinah, maƙwabciyata mai awara, tana zubar da ruwan awara bokiti shida kowace safiya. Na kai wa mai unguwa takardar, aka karanta a gaban jama'a. Tun ranar masu sayen awararta suka janye, tuwon da take aiko mini ranar Lahadi ya tsaya. Ba wanda ya zage ni, gaisuwa ce dai ta gajarce. Kwana goma sha ɗaya ke nan ba a ƙwanƙwasa ƙofata ba.

Jiya na fasa murfi ɗaya. Yashi da leda sun taru har santimita talatin, ruwa ba ya motsi. Sai na tuna, kafin in rufe, duk Asabar matan layinmu kan fito da fartanya su kwashe ta. Ni na hana su da murafena.

Abin da ban sani ba: ko Mama Dinah ta gane murafena ne suka jawo warin, ko masu sayen awararta za su dawo, ko sabuwar takarda za ta wanke ta, ko in tattara in koma Ribah.

Mai Awo, Zuru

Ɗana Mai Awo,

Ta gane. Matar da ta yi shekaru tana kwashe kwata ta san ranar da ruwa ya tsaya. Jira take ta ga ko za ka zo.

Niyyarka mai kyau ce, kuma ruwan awara idan ya kwanta yana wari. Amma ka ƙirga bokitinta ba ka taɓa tambayarta ba. Kada ka sake rubuta takarda. Je ka durƙusa ka gaishe ta, ka ba ta haƙuri. A gaban jama'a ka ɓata ta, don haka mai unguwa ya tara su ka faɗi gaskiya da bakinka.

Ka fasa liƙin, murafen su zama masu ɗagawa. A kwashe kwatar kafin damina ta kankama, a kai dattin nesa, kowane gida ya sa raga a bakin bututunsa. Ranar Asabar ka riga kowa fita da fartanya. In an gama, ka sayi awararta ka ci a bakin hanya inda kowa zai gan ka.

Ribah tana nan, za ka je gaishe da iyaye bayan ka gyara. Allah ya sanyaya zuciyarta, ya dawo maka da tuwon Lahadi.

Anti Joyce